Gwaggo Mai Banda

Ranar Laraba da hantsi, tsakiyar bazarar bana, Gwaggo ta cika. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Ina Mayahi ina koya wa mata karatu aka kira ni ta tarho. Na sallami aji na hau kabu-kabu, amma kafin in isa ƙauyenmu, can bayan garin Sarkin Hausa, har an kai ta an dawo. Zafin ranar bai bari an jira kowa ba.

Na iske mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi tun daga bakin rumbu har gindin darbejiya. Duk wadda ta shigo sai ta ce, ta huta. Na ji kalmar nan ta fi a ƙirga kafin azahar, kuma ban ji wadda ta ce an yi rashi ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda suka sha faɗa da Gwaggo a bakin rijiya, ta ce Allah ya gafarta mata, amma dai baki gare ta. Wasu suka rufe fuska da mayafi suna murmushi. Wata amarya da aka kawo garin bara ta matso kusa da ni ta tambaye ni a hankali, wai da gaske ne tsohuwar nan ta taɓa zama a tsakiyar ruwa, ko dai ruɗin tsufa ne.

Baba yana waje cikin maza, a rumfar ƙofar gida. Shi ne ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kawai suka rage a ɗakinsu. Ana yi masa gaisuwa yana amsawa da amin, idonsa a ƙasa. Da aka kirawo mini shi zaure na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na ɓoye mata kat ɗinta." Takardar shaidarta ta ɗan ƙasa yake nufi. Ya tashi ya koma waje.

Da la'asar amalanke ya tsaya a ƙofar gida, surukarta ta sauko, wadda ta kasance matar ɗanta, yanzu kuma take aure a Isawan. Da goyo a bayanta. Ita kaɗai ce ta yi kukan da ake ji har bayan gari. Ta faɗi a bakin ɗakin Gwaggo tana kiran Inna, Inna, mata suna ɗaga ta suna ce mata ta yi haƙuri, kuka ba ya yi wa mamaci amfani. Jama'a da dama sun yi mamaki. A tunaninsu, macen da ta sake aure ta bar gida, me ya rage tsakaninta da uwar tsohon mijinta?

Tambayar amaryar nan ce ta zauna mini a zuciya. Garin da aka haifi Gwaggo bai san ta ba. Abin da suka sani wata tsohuwa ce mai jan ido da zafin baki, wadda take wuni a gindin danga fuskarta na kallon gabas. Ni na ga wata Gwaggon, shi ya sa nake rubuta wannan, kafin ni ma in fara mantawa.

Tana ƴar budurwa aka aurar da ita ga wani mutumin Isawan. Ba su daɗe ba aka yi babbar yunwar nan da tsofaffi suke ba da labari, shanu suka ƙare, hatsi bai ko fid da kai ba. Mijinta ya bi wasu maza suka yi gabas, don sun ji an ce akwai ruwa a tafkin Cadi, kuma kifi ya fi ƙarfin masu kama shi. Bayan shekara biyu ya aiko a kai masa ita. Har lokacin ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba. Ita da kanta take ba da labari tana dariya, ta ce ranar da aka sa ta cikin kwalekwale kwanciya ta yi rub da ciki ta rufe ido, ta riƙe idon sawun mijinta, ba ta sake shi ba sai da aka ce mata an iso. Ta zauna a can wajen shekara arba'in. Can ta binne mijin, can ta binne ƴaƴa uku. Ɗa ɗaya ne ya rayu mata, taubashina, wanda ya girme ni da shekara huɗu.

Ni kuwa na je wurinta ne bayan aurena na fari. Na haihu ɗan bai zo da rai ba, bayan wata uku auren ma ya mutu. Na koma ɗakin mahaifiyata na kwanta, ba na fita, ba na magana, in an kawo tuwo in juya masa baya. A wannan lokacin Gwaggo ta zo ganin gida, kamar yadda takan zo bayan shekara biyu ko uku da kwalin bandar kifi a kan mota. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta tare hasken, ƙamshin hayaƙi yana tashi daga tufafinta.

Ta ce, "Kin mutu?"

Na juya mata baya.

Ta ce, "In ba ki mutu ba, tashi."

Wannan maganar tata ce, kowa a tafki ya san ta da ita. Ta faɗa wa masunta da jirginsu ya kife, ta faɗa wa matan da wuta ta cinye musu kifi, ta faɗa wa ɗanta sau ba adadi. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta ce wa Baba za ta tafi da ni. Mahaifiyata ta ce yarinyar ba ta da lafiya, Gwaggo ta ce ai shi ya sa.

Kwana uku muka yi a hanya. Tasawa, Damagaram, Difa, Gigimi, daga nan muka hau bayan wata tsohuwar mota ta kai mu bakin ruwa. Na ɗauka zan ga ruwa shimfiɗe har iyakar ido, sai na ga ciyawa ce wadda ta fi mutum tsawo, da ƴan hanyoyi a cikinta, jirgi yana bi kamar yadda ake bin lungu a gari. Can a buɗe, a ga ruwa fari fat, can kuma a sake shiga ciyawa. Mutanen wurin ba su cewa tsibiri, tumbu suke cewa. Namu Tumbun Gawo ne, ko da yake ban ga gawo ko ɗaya a kansa ba. Gabas da mu akwai tumbun Buduma, masu shanun nan masu manyan ƙahoni. Da idona na ga garke guda ya faɗa ruwa yana iyo zuwa wani tumbun, ƙahoni da hanci kawai ake gani, makiyayin yana riƙe da wutsiyar na baya. Kudu kuwa akwai inda ruwa yake janyewa da rani, a shuka masara da wake a cikin laka ba tare da an jira damina ba. Ni da na taso inda ake kallon sama wata tara, na tsaya ina kallon masara kore shar a watan da garinmu ko akuya ba ta samun abin tsinka.

A tumbun akwai Hausawa, da Barebari, da Buduma, da Zabarmawa, da mutanen kudu da ban san sunan ƙabilarsu ba. Gwaggo tana jin Barbarci, tana taɓa Budumanci, kuma tana iya zagi da duka. Sana'arta banda. Masunta su kawo tarwaɗa da bargi da karfasa tun da sassafe, mata su fasa, su yanka, su jera a kan waya, a hura wuta a ƙasa. Murhu shida gare ta, da mata huɗu da suke aiki tare da ita. Hayaƙin nan ne ya ja mata ido har ta mutu. Da hannu take juya kifi a kan wuta, ban taɓa ganin ta ɗauki itace ba, tafinta ya zama kamar ƙirgi. Ranar kasuwa a loda kwalaye a jirgi a kai gaɓa, inda manyan motoci suke jira.

Duk wanda ya fito daga ƙasar Mayahi ko Tasawa ya sauka a wannan yanki, gidanta ake nuna masa. Ba ta tambayar mutum abin da ya koro shi. Za ta ba shi wurin kwana da gidan sauro, don sauron tafki ba a yi masa ƙarfin hali, ta haɗa shi da wani mai jirgi, in ya yi lalaci ta kore shi da bakinta. Kawunan kifi da gutsattsari ba ta sayar da su, na matan da mazansu ba su kamo komai ba ne. Ita ce ungozoma, ita ce mai wankan gawar mata. A tumbunan da ke kewaye, da wuya ka sami gidan da ba ta taɓa shiga ba, ko ranar suna ko ranar mutuwa.

Wata biyu ina wurinta ba ta yi mini zancen ɗana ba. Aiki kawai take ba ni, in fasa kifi har hannuna ya tsage, in ɗebo itace, in tsare wuta. Wata Juma'a da yamma, da aiki ya lafa, ta ce in biyo ta. Muka hau can ƙarshen tumbun inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Ta nuna mini kabari babba ɗaya da ƙanana uku, an kafa musu fasassun tukwane.

Ta ce, "Ga nawa. Duk shekara sai na zo na ƙara musu ƙasa, don kada ruwa ya cinye."

Ta durƙusa ta fara tara ƙasa da hannu, ni ma na durƙusa na taya ta. Da muka gama muka koma bakin murhu. Iyakar ta'aziyyar da ta yi mini ke nan, kuma daga ranar na fara cin abinci kamar mutum.

Taubashina kuwa bai bar ni na sarara ba. In mun shiga jirgi sai ya kai tsakiyar ruwa ya fara girgiza shi, yana cewa yau zai ga ko mutanen tudu sun iya salati. Ina ihu, yana dariya har da hawaye, Gwaggo tana kai masa duka da filafilin tuƙa jirgi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya. A ruwa aka haife shi, sau uku kawai ya taɓa zuwa garinmu, kuma yakan ce ƙasarmu tana sa shi ƙishirwa ko da kallo. A shekarar ya yi sabon aure, Gwaggo ce ta je Isawan da kanta ta nemo masa yarinya cikin dangin ubansa. Na yi shekara guda da su na dawo gida da ƙiba da baƙin fata, na shiga horon koyar da manya, daga baya na sake aure. Ban ƙara komawa tafki ba. Kullum ina cewa baɗi.

Yadda suka fito daga can, ba daga bakin Gwaggo na ji ba, ba ta taɓa ba da labarin ba. Surukarta ce ta gaya mini. An daɗe ana jin ƴan bindiga a tumbunan kudu, suna ƙwace jirage, suna tafiya da samari. Sai ga shi sun faɗa wa wani tumbu kusa da nasu, aka kashe mutane da yawa. Bayan haka aka ba da umurni kowa ya bar tsibiran cikin ƴan kwanaki. Kwana uku kafin umurnin, taubashina ya tafi wani tumbu mai nisa kwaso kifi, su huɗu a jirgi ɗaya, kuma ba su dawo ba. Tarhonsa ba ta shiga. Gwaggo ta ce ba inda za ta sai ya zo. Tumbun ya watse, ya rage ita da surukarta da jikoki biyu mata, ɗaya tana tafiya ɗaya tana goye. A rana ta ƙarshe wasu maƙwabta suka ɗauke ta cak suka sa a jirgi tana zaginsu. Kifi yana kan wuta suka bar shi.

Daga gaɓa da ƙafa aka tafi, cikin zafin bazara, dubban mutane a kan rairayi ba inuwa. Mutanen da suka rayu a tsakiyar ruwa, ƙishirwa ce ta kashe wasunsu a hanya. Gwaggo ta karɓi babbar jikar ta goya, ta bar wa uwar ƙaramar. Surukar ta ce sau biyu tana zubewa ƙasa tana cewa a bar ta nan, sau biyu Gwaggo tana tsayawa a kanta tana yi mata tambayar nan tata, har ta tashi. Suka isa Gigimi. Aka kwashe mutane a manyan motoci, kowa a kai shi jiharsa, Gwaggo ta ƙi hawa. Ta kafa bukka a bakin hanya cikin ƴan gudun hijira, ta ce in ɗanta ya fito nan zai fara nema. Ta kusa shekara biyu a wurin. Sai da Baba ya sayar da tunkiya ya je da kansa, ya kwana huɗu yana roƙonta, sannan ta yarda ta biyo shi saboda jikokin.

Matar da ta dawo ba ita ce na sani ba. Jikin yana nan, bakin ma yana nan, amma ba ta da abin yi da su. Rijiyar garinmu tana da zurfi, da shanu ake jan guga, mace takan yi rabin wuni kafin ta cika bido biyu, wato jarka biyu. Gwaggo da ta saba ta miƙa hannu daga bakin ƙofa ta ɗebi ruwa, sai ta wanke ƙwarya ɗaya da abin da gida zai sha. Daga nan faɗanta da matan gari ya samo asali. Su suna ganin ɓarna, ita tana ganin mutanen da suka yarda su rayu a haka. Ta gwada noma, ta gwada ƙuli-ƙuli, ba wanda ya zauna a hannunta. Kifi kuwa ba ta ƙara sa shi a baki ba. Na taɓa sayo mata banda a kasuwar Tasawa don in faranta mata, ta shinshina ta ce wannan ba na tafki ba ne, kuma wanda ya gasa shi bai san wuta ba, ta tura wa yara. Tambayar nan da take tashin mutane da ita, tun da ta dawo ban ƙara jin ta a bakinta ba.

Tana da wata tsohuwar tarho da ta fito da ita ƙulle a bakin zane. Duk ranar kasuwar Sarkin Hausa sai ta ba da ita a cika mata batir. Lambarta ita ce ɗanta ya sani. In ta ji an ce wani ya zo daga gabas, ko direba ne, ko soja ne ya zo hutu, za ta sa a kai ta wurinsa ta kwatanta masa: dogo, baƙi, mai wushirya. Wasu su ce ba su sani ba, wasu don tausayi su ce kamar sun taɓa ganin mai kama da shi. Waɗannan su suka fi cutar da ita, don sai ta yi mako ba ta iya zama wuri ɗaya.

A shekara ta biyar dangin surukar suka zo daga Isawan. Suka ce yarinyarsu tana zaune ba aure ba takaba, a duba lamarin. Baba ya tambayi malamai, suka ce lokacin da ya wuce ya isa a raba auren, a kuma yi wa mutumin sadakar mamaci. Da ya kawo wa Gwaggo maganar, ina nan, na zo hutu. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Ku gwada mini gawa."

Baba ya ce, "Yaya, shekara biyar. Da yana da rai da ko saƙo ya aiko."

Ta ce, "Kai da ba ka taɓa ganin ruwa ba, mi ka sani? Akwai tumbun da mutum zai shekara goma ba a ji shi ba."

Ya ce ba don kansa yake magana ba, don yarinyar ne. Ta ce ya kashe mata ɗa da baki, ya huta da ciyar da baƙi. Wannan maganar ta yi wa Baba ciwo, don shi yake noma musu duka ba tare da ya taɓa gori ba. Ya tashi ya fita. Damina guda ba su yi magana ba, gida ɗaya. Ta raba tukunya, ta daina cin hatsin rumbunsa, tana yi wa mutane sussuka ana ba ta ƴan tiyoyi. In sun haɗu a zaure kowa ya dubi bango.

Surukar ba ta taɓa buɗe baki a kan maganar ba. Tana daka, tana zuwa rijiya, tana yi wa Gwaggo wanki. Bayan an yi girbi na sake zuwa gida, wata safiya Gwaggo tana zaune tana kallon ta tana surfe, ta daɗe tana kallo, sai ta kira ni ta tambaye ni shekarun yarinyar. Na ce ba ta wuce talatin ba. Ta ce ta ga furfura a gefen kallabinta. Washegari ta sa Baba ya ɗaura wa amalanke sa, ba ta gaya masa dalili ba, ta ce Isawan za shi kai ta. Da suka isa ta tara dangin ta ce ta amince, a raba auren, kuma ita ce uwar amarya in an tashi. Wani dattijo ya ce to sai a sa ranar sadaka.

Ta ce, "Ita na saki. Shi ban sake shi ba."

Haka aka yi. Da aka zo auren ta ciro ƴan kunnenta na azurfa, iyakar abin da ta fito da shi daga tafki ban da tarhon, ta sa wa yarinyar da hannunta. Ƙaramar jikar ta bi uwarta, babbar ta zauna da Gwaggo. Sadaka kuwa ba a yi ba har ta koma ga Allah. Ita da Baba suka koma gaisawa, amma ba su koma hira ba.

Bayan shekara biyu aka fara jin cewa wasu masunta suna komawa cikin ruwa a ɓoye, wasu su fito da kifi, wasu ba a sake ganinsu. Gwaggo ta fara shiri. Ta ce ba zama za ta yi ba, za ta je ne ta tambaya a gaɓa, in hali ya yi ta shiga ta ƙara wa kaburbura ƙasa, don shekara bakwai ba wanda ya taɓa su. Hanyar gabas kuwa ba a bin ta sai da kat, takardar shaidar ɗan ƙasa, a kowane shinge sai an nuna. Ranar da za ta tafi ta buɗe ƙullinta ba ta ga kat ba. Ta zazzage ɗakin, ta tuhumi jikarta, ta tuhumi matan gida. Baba yana zaune a zaure yana jan tasbaha. Ta roƙe ni in nema mata wata a meri, ofishin magajin gari, na ce to, na yi ta ja mata rai da cewa ana kan yi. Ban taɓa zuwa ba. Baba ya ɗauka shi kaɗai ya hana ta, amma ni ma ina ciki. Mun ji tsoron kada ta tafi ta mutu a hanya, ko ta faɗa hannun mutanen nan. Har yau ban san ko daidai muka yi ba. Ta mutu dai duk da haka, a kan ƙasar da ba ta so.

Daga wannan shekarar ta fara raguwa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Mun kai ta likita a Mayahi, aka ba ta magani, aka ce zuciya ce. A zuwana na ƙarshe, mako biyu kafin rasuwarta, na iske ta a inuwar danga tana kiran sunayen tumbuna ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin hanya a jirgi, daga gaɓa zuwa gida. Na ɗauko takarda na ce ta maimaita a hankali in rubuta. Ta faɗi goma sha ɗaya, ta tsaya, ta koma baya, ta sa wani a inda ba wurinsa ba. Ta ce akwai ɗaya tsakanin tumbun Buduma da namu, inda ake sayen itace, sunan ya ɓace mata. Ta yi ta ƙoƙari har ranta ya ɓaci. Na ce ta bari sai na dawo. Jikarta da aka haifa a can tana gefe tana tsince wake, na tambaye ta ko ta tuna wani abu, ta ce ita dai ta tuna sauro.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata zafin bakinta, ya saka mata da abin da hannunta ya ciyar, da waɗanda ta karɓa ranar zuwansu duniya, da waɗanda ta wanke ranar tafiyarsu. Ya sanyaya mata makwanci. Mu kuma ya yafe mana abin da muka yi mata da sunan tausayi.

Kwana biyu bayan addu'ar bakwai, baƙi sun watse, ina haɗa kayana in koma Mayahi, sai aka yi sallama. Wani tsoho ne siriri, da tsage a fuska, ƙura har gira, mai kabu-kabu ya sauke shi. Hausarsa a karye take. Ya ce gidan mai banda ta Tumbun Gawo yake nema, daga Difa ya fito, kwana biyu yana hanya, ya sha tambaya kafin a kwatanta masa garin. Baba ya gaya masa ta rasu. Tsohon ya zauna a ƙasa, bai jira tabarma ba.

Na ɗauka labari ya kawo. Baba ma haka ya ɗauka. Da tsohon ya huta sai ya ɗaga kai ya ce, "Ɗanta ya dawo?"

Baba ya ce a'a.

Ya ce, "Ko saƙo?"

Baba ya girgiza kai.

Ashe ɗansa yana cikin mutum huɗun da suka tafi a jirgin nan. Shekara da shekaru yana jira a sansanin ƴan gudun hijira, da ya ga ƙarfinsa yana ƙarewa sai ya ce bari ya bi gidajen sauran ukun, ko ɗaya ya fito ya san abin da ya faru. Ya je na farko a wajen Damagaram, ba labari. Namu ne na biyu. Na tambaye shi tumbun, ya ce wani da ya shiga bara ya gaya masa ciyawa ta rufe shi, ba a gane inda gidaje suke, tudun ma ruwa ya hau.

Ya roƙa a kai shi kabarinta. Baba ya raka shi, suka daɗe. Da suka dawo ya ƙi kwana, ya ce saura gida ɗaya, wani ƙauye wajen Kanan-Bakashe, yana so ya isa kafin rana ta faɗi. Na rubuta masa lambata a takarda, ya ninke ya sa cikin hula, ya ce in ya ji wani abu, mai daɗi ko marar daɗi, zai kira. Baba ya samo masa amalanken da zai fid da shi bakin hanya.

Yau wata uku ke nan. An yi shuka, an yi noman farko. Bai kira ba.